An ba ni matsayin shugaban 'yan bindiga a fim, ni kuma a Gusau nake kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni matashi ne mazaunin Gusau. Na fara wasa a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, daga baya na riƙa zuwa Kano ina samun ƙananan fitowa: direba, abokin ango, ɗan aike. Yanzu wani darakta zai ba ni babban matsayi a shiri mai dogon zango da za a ɗora a YouTube, in fito a shugaban 'yan bindiga. Ya ce harshena na Zamfara ya ja hankalinsa, da yadda fuskata ke nuna fushi ba sai na ɗaga murya ba.

Mun yi gwaji. Akwai inda wani dattijo yake durƙushe yana roƙona in sako masa 'yarsa, ni kuma ina ƙirga kuɗin fansa ina cewa ba su cika ba. Da aka ce kat kowa ya tafa, ni kuwa hannuna rawa yake yi. Ƙanen mahaifina ya taɓa zama wannan dattijon a zahiri, sai da gonarsa ta tafi. Tun ranar gwajin nan barci ya ƙaurace mini. Inna ba ta hana ni ba, cewa kawai ta yi: "Ka dai san garin da kake kwana." In karɓa ko in haƙura? In na haƙura, ban san ranar da irin wannan dama za ta dawo ba.

Tsohon ɗan wasan daɓe, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni dai na ce ka karɓa, amma da idonka a buɗe. Suna yana bin ɗan wasa. Marigayi Usman Baba Pategi har ya rasu a 2023 Samanja ake kiransa, Rabilu Musa kuma Ibro ya tafi da shi a 2014. Su sunayen da ake so suka samu. Kai naka mai nauyi ne, don haka kada ka yarda a raɗa maka sunan wani ɗan ta'adda na gaske, ko wanda ya yi kama da shi.

Batun rawar hannu kuwa, shi ne alamar kana da abin da darakta ya gani. Sai dai kana kashe kanka ne. Stanislavski na Rasha, wanda makarantun wasa da yawa ke bin tafarkinsa, da farko ya koyar da a tono ciwon da ke zuciya a yi wasa da shi. Daga baya ya fi karkata ga a gina mutumin daga waje, daga motsin jiki. Ka yi haka. Ka nemo tafiyar mutumin nan, yadda yake zama, yadda yake kallon ƙasa in ana masa magana, inda yake jan numfashi. In ka ce kowace fitowa sai ka tuno baffanka, zango ɗaya ba za ka gama ba.

Wata 'yar uwa, Talata Mafara:
Ƙanena, ni ban goyi baya ba, kuma ba don tsoro ba. Mu munka ga sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, ɗiya 279 anka dawo da su, iyayensu muna gaisawa da su har gobe. Wanga abu ga mutanen Kano labari ne, gare mu ciwo ne da bai warke ba. Tambayata ɗaya: fim ɗin ɓangaren wa ya tsaya? In za a nuna ka da rawani da babur da kiɗa mai daɗi a bayanka, yara su riƙa kwaikwayon maganarka a TikTok, to ka taya su talla. Kuma ka duba kada a mayar da shi fim ɗin zagin ƙabila guda. Fulani nawa anka kwashe wa shanu, anka kashe?

Mai ɗaukar hoto a lokeshan, ɗan Kaura Namoda mazaunin Kano:
Abokina, abin da Inna ta faɗa shi ne maganar. Mutum ɗaya ya yanko ɗan gajeren bidiyo kana riƙe da bindigar wasa, ya tura WhatsApp ba bayani, shi ke nan. Ka san yadda kalmar infoma take kashe mutum a wajenmu kafin a yi bincike. Ga shingayen sojoji, ga askarawan da jiha ta ƙaddamar a 2024, kuma ana duba waya. Kada ka ajiye hotonka da kayan wasa a wayarka, ko guda. Kada a ɗauki fitowar daji a Zamfara, akwai duwatsun Jos, akwai dazukan Kano. Furodusa ya sanar da 'yan sanda da hakimin wurin a rubuce kafin a fito da kaki ko bindiga. Ka tambaye shi ko zai kai aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001, kai ma ka mallaki katin ƙungiya da zai nuna sana'arka. Sannan kwantiragi a takarda, kuɗin kowane kashi a bayyane. Da zarar shirin ya fara fita, ka riƙa bayyana a hira da fuskarka ta gaskiya, mutane su san ka da sunanka.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Kowa yana maganar fim, ni barcin nan ya dame ni. In ya kai mako biyu a haka, ko ka fara mafarkin abin, ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Akwai asibitin tarayya nan Gusau, akwai na ƙwaƙwalwa da ke Kware a Sakkwato. Kada ka taɓa maganin barci da kanka. In an tashi aiki, ka cire kayan a lokeshan, ka yi alwala, ka kira gida kafin ka hau mota.

Wani malami, Argungu:
Ka yi istihara, ka kuma je ka zauna da baffanka ka faɗa masa da bakinka. Bai kamata ya fara ganinka a waya ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira daraktan na nemi labarin gaba ɗaya. Ya ce kashin farko-farko kawai aka rubuta, sauran sai an ga yadda 'yan kallo suka karɓa. Ya yarda a yi ɗauka a Jos, ya yarda da kwantiragi. Jibi zan je wajen Baffa.

Tsohon ɗan wasan daɓe, Birnin Kebbi:
To nan ne gizo ke saƙar, ɗana. In 'yan kallo suka so ka, za a yi ta ƙara maka fitowa har mugun ya koma jarumi, abin da 'yar uwarmu ta Mafara ke gudu ke nan. Ka ce ya rubuta maka ƙarshen mutumin nan, ko shafi ɗaya ne, a liƙa shi jikin kwantiragin kafin ka sa hannu.