Shaye-shaye aiki ne, to ciwon fa me za mu kira shi?

1/
Assalamu alaikum. Malaman Hausa da 'yan'uwana ma'aikatan jinya, ku kawo mini ɗauki. An ɗora mini rubuta 'yar takardar da za mu riƙa miƙa wa iyaye a sashenmu na masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma yau kwana uku kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wato abin da Bature ke kira addiction. Ni nas ce, allura da fayil na sani, ba nahawu ba.

2/
Na san kowa zai ce shaye-shaye. Haka rediyo ke faɗa, haka jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ke faɗa idan sun zo makarantu. Amma shaye-shaye abin da hannu ya kai baki ne kawai. Yaron da ya zuƙi wiwi sau biyu a gidan biki, da wanda in bai jefa taramol da asuba ba ƙafarsa ba za ta kai shi banɗaki ba, duk suna ɗaya muke ba su. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi a Najeriya na 2018 ya raba su: mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa kayan maye a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu ne abin ya zame wa ciwo. Su muke jinya, kuma ba mu da sunan abin da ke damunsu.

3/
Bari in nuna muku inda rashin kalmar ke cizo. Aikin dare, wani matashi a kwanansa na biyu a gado. Sai hamma yake ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, gumi ya jiƙa zanin gado, tsigar jiki a tashe, ga gudawa, ga gaɓoɓi na sara, barci ko na minti biyar babu. Ina auna masa hawan jini da bugun zuciya ina rubutawa, mahaifinsa ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Sista, ai tun shekaranjiya bai sha komai ba. To wannan kuma na mene ne? Ko dai jifa ne?"

Na ce, "Baba, ba jifa ba ne, dainawar ce ta kawo haka. Jikinsa ne ke nema."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. A wurinsa, wanda ya bar laifi sauƙi ya kamata ya gani. Alhali mai shan roche ko diyazafam ko giya kullum, in aka yanke masa lokaci guda, yana iya jijjiga, ana ma iya rasa shi. Shi ya sa likita ke rage magani sannu a hankali, mu kuma mu kwana a kansa da ido buɗe.

4/
Idan uba ya ɗauka mugun hali ne zalla, gidan mari zai nufa da yaro, ba asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau ba. Ba mu manta mutanen da 'yan sanda suka fito da su da sarƙa a ƙafa daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna cikin Satumban 2019 ba. A farkon 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958, amma bakinmu bai canza ba. Ni kaina, da rajistata da ƙarin karatun da na yi a wannan fanni, a unguwa har yau "nas ɗin mahaukata" ake ce mini. Wannan rigimar wata rana ce.

5/
Na karanta amsoshinku, Allah Ya saka da alheri. Da yawa kun ce "sabo", har da mai tuna mini cewa sabo turken wawa. Karin maganar ta dace, kalmar ce ta yi sanyi. Ana sabo da shayin safe, ana sabo da maƙwabci. Sannan a waya ba kowa ke sa ƙugiyar harafi ba, sai uwa ta karanta cewa ɗanta na fama da saɓo. A'a.

"Dogaro" kuwa fassara ce daga littattafanmu na makaranta, kuma Bahaushe ga Allah yake dogaro. "Maye" gari na wayewa ya sake shi.

6/
"Jaraba" ce ta fi ba ni wahalar ƙi, don tana da ƙarfin da nake nema. Muna cewa jarabar goro, jarabar caca, kowa ya gane abu ne da ya fi ƙarfin mai shi. Amma ku gwada kiran mai ita. Jarababbe! Jarababbiya! Kun san inda hankalin mutane ke tafiya. Binciken nan ya ce a duk mutum huɗu masu amfani da kayan maye ɗaya mace ce, kuma matan aure masu shan kodin da ƙyar ake lallaso su su shigo asibiti, su ma a ɓoye. Wace ce za ta dawo in na miƙa wa mijinta takarda mai wannan kalma?

7/
Wata babbar sista da ta riga ni shiga aikin ta rubuto mini cewa, "Ƙanwata, me su majinyatan ke faɗa?" Sai na ji kunya. Sau nawa na ji "Wallahi Sista, na kamu"? Kalmar na nan a bakinsu. Muna cewa ya kamu da tarin fuka, muna cewa kifi ya kamu. Ciwo ne, tarko ne, duk a cikin kalma ɗaya, kuma ba zagi.

8/
Malam, na ga gyaranka: "kamu" tsurarta za ta tuna wa mata bikin aure, ta tuna wa samari 'yan sanda. Na karɓa, "kamuwa" za mu ce. Amma ban yarda da kai ba inda ka ce kalmar ta wanke mai laifi, kamar sauro ne ya cije shi. Kifi da bakinsa ya haɗiyi ƙugiya, ba mai musu. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya zare ta da kansa ba, kuma takardar tawa ta masu zarewa ce.

9/
Ga yadda layin farko ya koma: "Kamuwa da ƙwaya ciwo ne, ana jinyarsa a asibiti." Inda ake maganar giya ko sholisho sai a sauya sunan abin. Wannan matsanancin son da ke taso wa mutum ko bayan wata shida da bari, na sa masa "ƙishin ƙwaya", ba wanda ya ja.

Saura abin da ya samu yaron can a darensa na biyu. Na rubuta "ciwon dainawa" da fensir, bai zauna mini ba. Ranar Alhamis za a kai wa mai ɗab'i, duk mai abin da ya fi shi ya turo kafin daren Laraba.