Babbar saniya ce ke kawo riba, ko matsakaiciya?

Mai gonar kiwo: Jama'a, ina nan kan bakana cewa wanda ke kiwon shanun nama ya nemi manyan iri kamar Charolais na Faransa, domin da nauyi ake sayar da dabba, kuma babbar uwa ce ke haifar maraƙin da ke cika sikeli ranar yaye.

Malamar aikin gona: Alhaji, sikeli yana nuna abin da ya shigo ne kawai, ba ya nuna kuɗin da aka kashe. Saniya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinta a kullum, wato mai kilo 700 za ta ci kilo 14, mai kilo 500 kuma kilo 10. Abincin da zai riƙe manya biyar zai riƙe matsakaita bakwai, kuma maruƙa bakwai sukan rinjayi biyar ko da biyar ɗin sun fi girma.

Mai gonar kiwo: Malama, lissafinki ya yi tsauri. Buƙatar jiki ta abinci ba ta hawa daidai da nauyi. Tsakanin mai kilo 500 da mai kilo 700 ba ta kai ƙarin kashi 30 cikin 100 ba. Sannan allurar rigakafi da ladan ma'aikata bisa kai ake biyansu, don haka shanu bakwai sun fi biyar cin kuɗi.

Likitan dabbobi: Gaskiyarka a nan, Alhaji, amma ni abin da ya fi damuna shi ne haihuwa. Cikin saniya kwana 283 ne a matsakaici, saboda haka idan ana son maraƙi kowace shekara, kwana 82 kacal gare ta ta murmure ta sake ɗaukar ciki. Idan ciyawa ta yi ƙaranci, babbar ce ke fara ramewa, kuma ramammiya ba ta karɓar barbara a kan lokaci. Ta ci abincin shekara guda ke nan ba ta biya da komai ba.

Malamar aikin gona: Shi ya sa nake roƙon a raba nauyin maruƙan da aka yaye da adadin duk shanun da aka kai wa bijimi, har da waɗanda ba su haihu ba.

Mai gonar kiwo: Likita, na karɓi wannan ga mai ƙarancin wurin kiwo. Amma wanda abinci ya wadace shi, ban ga dalilin da zai sa ya guji manya ba. Zan duba littafin garkena in kawo muku adadin da suka yi fashin haihuwa bara.