Gurnani a cikin rikodin idan caja tana jone, ina mafita?

Assalamu alaikum malamai masana harkar sauti. Ɗalibi ne ni, ina koyon ɗaukar murya, kuma wata matsala ta tsaya mini.

Kayan aikin su ne makirufo AT2020, wayar XLR mai mita 3, Focusrite Scarlett Solo (na'urar da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta ta USB), da laftof mai manhajar ɗaukar sauti ta Audacity. An kunna wutar 48V da makirufon ke buƙata, ana ɗauka a 48 kHz da bit 24, murya tana kaiwa kusan -12 dB.

Da zarar an jona cajar laftof a soket, sai wani gurnani ya shigo a 50 Hz, da 'ya'yansa, wato ninke-ninkensa, a 100 da 150 Hz. Idan aka cire caja aka koma batiri, tsit. A kan janareta abin ya fi muni, har da wani siririn ƙara a sama.

An canza wayar XLR, an canza ta USB ma, an nesanta su da wayoyin wuta, babu canji. Tacewa a 50 Hz tana rage gurnanin, amma tana cinye kaurin muryar namiji, 'ya'yan kuma suna nan.

Zargina yana kan ƙafar ƙasa ta cajar mai ƙafa uku. Wasu sun ce a karya ta, ni kuwa ba zan yi ba, don ita ce kariya daga jan wuta.

Na'urar da ke raba wutar laftof da ta Scarlett a layin USB (USB isolator), mai arha ba ta wuce gudun 12 Mbps, shin Scarlett za ta yi aiki da ita kuwa? Ko caja mai ƙafa biyu ta isa? Kuma ta yaya zan gwada ko soket ɗin yana da ƙasa ta gaske? Don Allah a taimaka.