Buhu 20 na siminti sun ɓace: zan iya riƙe albashin mai sitona in sallame shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon siminti da rodi a nan cikin garin Sakkwato, ma'aikata tara. Mai kula da sito shekararsa uku tare da ni, albashinsa Naira dubu 60 a wata. Da muka yi lissafin ƙarshen wata buhu 20 babu su, ya ce bai san inda suka shiga ba. Ina son in riƙe albashinsa har kuɗin su cika, sannan ya tafi. Ba mu taɓa rubuta takarda tsakaninmu ba. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Wani lauya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka taɓa albashin nan tukuna. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai gida yanke wa ma'aikaci kuɗi da kansa saboda asara. Sai in asarar ta zo ta sakacinsa ko ganganci, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire ko kwabo. Ko ya amince, duk abin da za a cire a wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, wato dubu 20 a nasa lissafin. Ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na nan Sakkwato da littafin sito, takardun shigowar kaya da rasit ɗin abin da aka sayar. Tambayar farko da za a yi maka: mutum nawa ke riƙe da makulli? In akwai na biyu hannun ɗanka ko direba, ɗora laifin kan mutum ɗaya zai yi wuya, kuma ba adalci ba ne.

Tsohuwar jami'ar kula da ma'aikata:
Batun sallama daban ne, kada a haɗa su. Sashe na 11 ya tsara wa'adi: wata uku ko ƙasa da haka, kwana ɗaya, sama da wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, daga biyar, wata ɗaya. Naka mako biyu ne a rubuce, ko ka biya shi kuɗin mako biyun ya tafi ranar. Shi ma in zai bar aiki haka doka ta ɗora masa.

Kora nan take ba wa'adi sai laifi babba ya tabbata. Ka ba shi takardar tuhuma mai kwanan wata da adadin buhunan, ka ba shi kwana biyu ko uku ya amsa a rubuce, ku zauna da shaida. Inda masu gida suka fi faɗuwa ke nan: su rubuta "sata" a takardar kora ba hujja, ba a saurare shi ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Sakkwato, kuma wannan take fara dubawa.

Wani ɗan ƙungiyar ƙwadago:
Yallaɓai, ka yi haƙuri, akwai gyara a wajenka. Sashe na 7 ya wajabta ka ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku. Rashinta bai soke haƙƙinsa ba, kai ne ta bari ba abin nunawa cewa sito amanarsa ce shi kaɗai. Duk wanda ya cika wata 12 yana da hutun kwana shida na aiki da albashi, da hutun ciwo har kwana 12 a shekara in likita ya rubuta. In bai taɓa samu ba, zai iya tayar da maganar. Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa a 2024 bai hau kanka ba tunda ma'aikatanka ba su kai 25 ba.

Sauran takwas ɗin ka rubuta musu takardunsu cikin makon nan: aikin kowa, albashi, ranar biya, wa'adin sallama. Sito kuma a riƙa ƙirga shi duk Asabar, mutum biyu su sa hannu.