Yarona ba lafiya, surukata ta ce hukuncin Allah ne

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Admin don Allah a ɓoye sunana. A Maiduguri muke, tun ambaliyar watan Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle ba mu sake komawa daidai ba, ruwa ya ci mana ɗaki biyu da buhunan masara, muna dawowa daga inda muka fake kuma autana ya kamu da amai da gudawa, da ƙyar ya sha. To tun lokacin Mama, uwar maigidana, kullum sai ta buɗe min Amos sura 4, inda Ubangiji ya ce shi ya hana ruwa saura wata uku girbi, ya aiko da fara da annoba irin ta Masar amma mutane ba su juyo gare shi ba, wai akwai zunubin da ba a furta ba a gidan nan, kuma ni take kallo in tana faɗa. Tun daren jiya yaron ya sake fara gudawa, ta ce ba asibiti, azumin kwana uku za mu yi. Ni na gaskata ruwa da cuta duk a hannun Allah suke, ban taɓa musu ba. Amma in na kai shi asibiti jayayya na yi da Allah kenan? Kaina ya kulle.

Maman Ladi: 'Yar'uwa ajiye wayar nan ki goya yaro tukuna. Ni nas ce, gudawa irin ta kwalara cikin awoyi take tsotse ruwan jikin yaro. Kafin ku fita ki samu ruwan da aka tafasa ya huce lita ɗaya, suga cokalin shayi shida, gishiri rabin cokalin shayi, ki dinga ba shi kaɗan-kaɗan har ku isa.

Baba Dattijo: 'Yata, Mama ba ta yi ƙarya ba da ta ce Allah ke riƙe da ruwa da cuta, amma a karanta mata littafin gaba ɗaya mana. Amos makiyayi ne daga Tekowa, aka aike shi wurin Isra'ila zamanin sarki Yerobowam, kuma bai bar su suna cinke ba, ya faɗi laifin da sunansa: suna sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, suna algus a mudu da ma'auni. Allah ne ya gaya masa dalilin masifar. Mama fa, wa ya gaya mata? Ki duba kuma Ishaya 38, sarki Hezekiya yana bakin mutuwa, ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma annabin da ya kawo albishir ɗin shi ne dai ya ce a samo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Da magani rashin bangaskiya ne ai Ishaya ba zai faɗa ba.

Ishaku: Nima ruwan ya shiga shagona a Monday Market, bai tambayi waye Kirista waye Musulmi ba, har dabbobin gidan zoo ya kashe. Luka 13 ne ya riƙe ni, mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu, Yesu ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Anti Rifkatu: Ni dai kar ki ja da tsohuwa, tsoro ne ke cin ta, jikanta ne ai. Ki ce mata ta yi azumin ta yi addu'a, ke kuma ki kai shi. Wai ina maigidan ne a maganar nan? Shi ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa magana ba ke ba.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode iyayena. Na kira shi a waya ya ce in tafi zai same mu can, shi zai yi wa Mama bayani. Muna cikin keke napep yanzu, yaron ya ɗan sha ruwan gishirin bai amayar ba. Ku sa mu a addu'a.