Folish ɗin mota: guga ce ko shafe?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Kwana uku ke nan ina yawo da wata tambaya a cikin garin Katsina, daga garejin masu fenti zuwa majalisarmu ta bayan la'asar, yau na kawo abin da na samo ku taya ni tsayar da magana. A jikin gwangwanayen gyaran fentin mota Turawa na rubuta kalmomi biyu, polish da wax. Mu kuwa mun haɗe su a kalma guda, folish, wadda muka gada wajen 'yan shushaina. Ga takalmi babu damuwa. Ga mota, haɗin nan ne ya cinye mini fentin bonet.

Baƙar Corolla gare ni. Kusan shekara biyu, duk ƙarshen wata nakan kai ta wani wurin wanki a wajen Ƙofar Ƙaura in ce a wanke a yi folish. Yaron ya ɗauko inji, ya matsa wani farin abu kamar man goge baki a kan soso, ya bi ta lungu-lungu, ta fito tana ɗaukar ido. Rannan ina tsaye sai na ga soson ya koma baƙi ƙirin, gefen bonet kuma ya dusashe kamar an barbaɗa toka. Ban ga laifin yaron ba. Abin da na ce a yi shi ya yi.

Na kai ta wurin wani dattijo mai fenti. Na ce, "Baba, me ya ci wurin nan?" Ya shafa da bayan hannunsa, ya ce, "Ɗana, guga ce ta yi yawa. Kun kai ga launi." Ya zaunar da ni kan benci ya yi mini bayani. Fentin motar zamani hawa uku ne a kan ƙarfe: shimfiɗar farko mai kama jiki, sai launi, sai wani fenti garai-garai marar launi a sama, shi ne mai sheƙin. Wannan na saman, a yawancin motoci, bai wuce a raba milimita ɗaya gida 20 a ɗauki kashi guda ba. Farin abin da yaron ke matsawa, wato polish, yana da ɓarɓashi a ciki, ɗan uwan samfefa ne mai tsananin laushi. Aikinsa ya kankare saman kaɗan har ƙananan zane-zanen su baje. Duk gugar da aka yi an rage wani abu da ba ya dawowa. Ɗaya abin kuwa, wato wax, ba ya cire komai, ɗora shi ake yi ya zama garkuwa daga rana da ƙura da kashin tsuntsaye.

To, aiki biyu masu hannun riga, ɗaya ragi ɗaya ƙari, yaya za su zauna da suna ɗaya?

A majalisa wani ya ce a kira su man sheƙi. Da daɗin faɗa, amma ya mayar da mu gidan jiya, don duka biyun sheƙi suke kawowa. Wani malamin makaranta ya kawo bugu, yana tuna yadda masu bugu ke fito da ƙyallin shadda a kan gungume. Na so kalmar nan ƙwarai, sai dai kada Allah ya kawo ranar da za ka ce wa yaro ya yi wa motarka bugu. An ambaci washi ma, tunda mai wasa wuƙa rage ƙarfe yake yi, kuma ma'anar ta zo kusa, amma kunnen Bahaushe kaifi yake ji a cikinta.

Ni na tsaya kan kalmar da ta fito daga bakin Baba ba tare da ya yi wani tunani ba: guga. Aikin ya zama gugar fenti, abin da ake yi da shi kuma man guga, akwai mai kaushi na zane mai ɗan zurfi, akwai mai laushi na gamawa. An ce za a rikita ta da gugar tufafi. Ban yarda ba, da ka ce fenti magana ta fita. Abin da ya fi burge ni, duk wanda ya ji guga ya san abin da ake gogawa yana cinyewa, ba zai nemi a yi masa ita kowane wata ba. Sau ɗaya a shekara ma ta isa. Zanen da farcenka ke maƙalewa a cikinsa kuwa ya fi ƙarfinta, sai mai fenti.

Na biyun muna da shi tun kaka da kakanni: kaki, kamar yadda muke cewa kakin zuma. Kakin mota ke nan, aikin kuma shafen kaki. Na san akwai kakin soja, akwai na mai tari, amma karin sauti ya raba su tun da can. Wani ya ce ai ba na zuma ba ne. Haka ne, wanda aka fi yabo daga ganyen kanauba ake karkaɗo shi, wata bishiya ta arewa maso gabashin Barazil mai ganye irin na giginya. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, na zuma kuwa wajen 63. Wanda ya taɓa dafa baƙar mota da azahar a watan Afrilu a garin nan ya san amfanin wannan tazara. Sai mu ce kakin ganye, mai zurfin sheƙi amma wata biyu zuwa uku ya tafi, da kakin haɗi na masana'anta, wanda kan kai wata shida. Mai ajiye mota a rana kullum, na haɗin ya fi masa.

A inuwa ake shafa kakin, jikin mota da sanyi, bayan wanki, siriri, a bari ya yi fari-fari a goge da tsumma mai laushi. In kana son sanin yana nan, watsa ruwa: zai dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Garin sabulun wanki na tuɓe shi da wuri. Da hunturu kuma a daina share ƙura da busasshen tsumma, shi ke barin zobban nan kamar saƙar gizo da ake gani cikin rana.

Saura kalma ɗaya da ta gagari majalisarmu, sunan fentin nan marar launi na sama. Na kawo fatar fenti, Baba ya girgiza kai, ya ce fata ai tana tofowa in ta saluɓe. Masu fenti na Daura da Funtuwa da Malumfashi, me kuke ce masa a garejinku?