Na shafa fentin ruwa a kan fentin mai, yanzu bango yana saɓa

Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ɗakin da za a yi wa ƙanwata jere ne, biki saura kwana 12. Na ga kuɗin mai fenti ya yi min yawa, na ce bari in yi da kaina. Tsohon gini ne, daga ƙasa zuwa ƙugu fentin mai ne mai sheƙi, sama kuma fentin ruwa. Na sayo bokiti mai lita 20 na fentin ruwa, na bi bangon duka da rola sau biyu. Ranar ya yi kyau har na ɗau hoto. Kwana uku bayan nan yarona ya sa farce, sai fentin ya biyo hannunsa kamar leda, tsohon yana ƙyalli a ƙarƙashi. Saman kuwa lafiya lau. Na cike wurin da fenti mai kauri, ya yi tudu ya kumbura. In ƙara shafi na uku ne, ko yaya?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Bai gama bushewa ba ne, ka kunna masa fanka kwana biyu ka ƙara.

Mai sana'ar fenti: A'a Malam, kada ya ƙara. Ko shafi goma ya yi, saɓawa zai yi, domin na farkon ma bai kama ba. Fentin ruwa yana son wurin da zai riƙe, fentin mai kuwa santsi gare shi kamar tangaran. Shi ya sa saman ya zauna, ƙasan ya ƙi.

Yayan amarya, ga abin yi. Ka sa ƙarfen kankara ka cire duk wanda ya yarda ya fita, tun yanzu da bai yi tauri ba ya fi sauƙi. In ka jiƙa shi da tsumma da ruwan ɗumi, fala-fala zai riƙa tahowa. Tudun nan da ka yi, shi ma ka kwashe. Sai ka wanke tsohon fentin da omo, saboda maiƙon hannu da na kai da ya daɗe a jiki, ka ɗauraye, ka bi shi da samfefa har sheƙin ya mutu. Ba sai ka kai ga siminti ba, ya dai dushe. Daga nan ka je wurin masu sayar da fenti ka ce a ba ka firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, wadda ke kama fentin mai. Ka karanta jikin gwangwanin da kanka, wasu yaran shagon duk abin da ke kusa za su miƙo maka. Shafi ɗaya, ya kwana, sannan fentin ruwanka sau biyu marasa kauri, da tazarar kamar awa huɗu.

Don gaba: in kana shakkar irin fentin da ke bango, ɗiga sifirit a auduga ka goga. Na ruwa zai rina audugar, na mai ko gezau.

Wata uwa: Ƙanena, tunda ka ce tsohon gini ne, ka yi hattara da ƙurar. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, kuma yara ta fi yi wa illa. Ka jiƙa samfefar, ka rufe hanci, ka goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Mai farcen nan kuma a kai shi wurin kakarsa sai an gama.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Malam mai fenti, kwana 12 za su isa kuwa? Gwaggonninmu ba sa jin uzuri.

Mai sana'ar fenti: Kwana huɗu ma sun isa in ka dage: biyu kankara da wanki, ɗaya firaima, ɗaya fenti. Sai dai fentin ruwa yana bushewa a hannu cikin awa guda, amma ƙarfinsa na gaske sai ya yi mako uku zuwa huɗu. Ranar jere ka tsaya a ɗakin da kanka, kada a manna gado da kujeru da bango, a bar tazarar tafin hannu. Kuma ka gaya wa amarya kada ta sa masa ruwa da soso sai bayan wata guda.